Ranar da Benci Ya Kama Ni a Bagauda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da benci ya kama ni a gaban jama'a ba, kuma ko da na so in manta, mutanen ƙasar Kiru ba za su bar ni ba. Har gobe idan na shiga kasuwar Ƙafin Maiyaki sai wani ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Malam, bismilla ga wuri, wannan ba ya kamu." Ni ma sai in yi dariya.

A lokacin ina koyar da darasin fasaha a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke bayan Ƙafin Maiyaki. (Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ni ilimin zaman jama'a na karanta a kwaleji. Malamin fasahar ne aka yi wa canjin wurin aiki, sai wata rana firinsifal ya gan ni a tsugune ina ɗaure madubin babur ɗina da ƙyauron roba. Washegari na wayi gari malamin fasaha.)

Babbar matsalar makarantarmu ita ce wurin zama. Ajujuwan ba ƙofa ba taga, saboda haka 'yan bencinan da muke da su kowa ma nasa ne. In ana biki a gari a zo a ɗiba, in ana zaman makoki a zo a ɗiba, wanda ya dawo kuma ya dawo da ƙafa uku. Ragowar kuma awaki su kwana a kai. Yara sai su zo da buhun taki daga gida su shimfiɗa, wasu su jawo bulo, su ɗora littafi a gwiwa suna rubutu a duƙe. Ranar jarrabawa kuwa, in ka leƙo aji sai ka rantse masu tsintar wake ne.

Ana nan sai ofishin ilimi na shiyyarmu ya haɗa kai da wata ƙungiya ta 'yan asalin yankin da ke zaune a birni, suka sa gasa tsakanin makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ɗaliban kowace makaranta su zauna su duba abin da ya fi damun su, su zana maganinsa, su ƙera samfuri su kawo. Waɗanda suka yi nasara za a ba makarantarsu tallafi a yi abin da gaske. Firinsifal ya kira ni ofis ya ce, "Malam, wannan fagenka ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Na fito ban san ta ina ake farawa ba.

Allah ya taimake ni da ɗalibai biyu 'yan aji biyar. Akwai Murja, yarinya marar hayaniya, mahaifiyarta tela ce. Akwai kuma Nazifi, wanda in an tashi daga makaranta yake zuwa koyon walda a kasuwa. Murja ce ta zo da dabarar. Ta ce tana kallon almakashin babarta yana buɗewa yana rufewa, sai ta ce me zai hana a yi benci haɗe da teburinsa, mai ƙafafu irin na almakashi, wanda in an tashi za a naɗe shi a kai ɗakin ajiya a kulle? Ba mai ara, ba akuyar da za ta hau. Ita ta zana, Nazifi ya yanka ƙarfe ya haɗa, wani kafinta ya yanka musu katako.

Nawa aikin shi ne in tsaya a kansu, hannuwa a baya, in ce, "Madalla, ku ci gaba." Ni ne kuma na zaɓi fenti kore. (Wannan kam ba wanda zai ƙwace mini.) Murja ta sha nuna mini yadda ake buɗe shi da yadda ake naɗewa, ina gyaɗa kai, amma hankalina yana kan waya. A lokacin an sa mini rana da Balaraba, ana jiran a gama girbi a ɗaura aure, to ka san halin da mutum yake ciki. Na dai tuna Murja ta taɓa ambaton wata sakata. Na ce, "Ƙwarai kuwa, sakata ai dole ce."

Ranar gasa ta zo. A wani zauren taro aka yi, a gefen tafkin Bagauda. Da na ji an ce za a zo da masu ɗaukar hoto, sai na buɗe akwati na ciro farar shaddar da aka ɗinka mini domin ranar ɗaurin aure, babbar riga da 'yar ciki da wando, ga sitaci kamar kwali. Na ce a raina ai sawa ɗaya ba za ta tsufar da ita ba. Muka ɗaure benci a saman motar firinsifal muka kama hanya, ina zaune a gaba na tattare riga a cinya kada ta yamutse.

Zauren ya cika. Ga ɗalibai, ga malamai, ga hakimai da dagatai a layin gaba, ga alƙalan gasa a kan dogon teburi. Shugabarsu wata Hajiya ce injiniya, mai farin tabarau, wadda ko murmushi ba ta yi. Sai mai gabatarwa ya ce a yi shiru, za a buɗe taro da addu'a, ya kira Alaramma Malam Hudu.

Alaramma Malam Hudu shi ne mahaifin Balaraba.

Ni da shi ba mu taɓa yin magana ta wuce gaisuwa ba. Duk ranar da na je gidansa, daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in ce "Allah gafarta Malam," sai harshena ya ɗaure. Har labari ya zo mini cewa ya tambayi iyalinsa, "Wai yaron nan yana magana kuwa? Da me yake koyar da yaran?" To, ga shi yau Allah ya kawo shi inda nake da iko. Tun yana addu'a nake shirya jawabi a zuci, ina cewa amin a inda ba a nan ake cewa ba.

Aka fara. 'Yan wata makaranta daga Doguwa suka kawo samfurin katanga da ƙofa, don shanu su daina ratsa musu filin makaranta. 'Yan Bebeji suka kawo fitila mai aiki da hasken rana. Kowace makaranta ɗalibai ne ke bayani, malaminsu yana gefe yana murmushi, haka dokar gasar take. Mu ma Murja ce za ta yi bayani, ta kwana biyu tana bita.

Da aka kira mu, Nazifi ya ɗauko benci a naɗe ya kai tsakiyar dandamali, ya buɗe shi. Jama'a suka ce "Kai!" Nazifi ya sunkuya zai sa hannu a ƙarƙashinsa, sai na dafa kafaɗarsa na ce, "Ya isa, koma gefe." Mai gabatarwa ya miƙo wa Murja makirfo, na riga ta karɓa.

"Zan ɗan share fage ne kawai," na ce.

Jama'a, na yi magana. Na gaida manya ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a kan Alaramma na jero masa addu'o'i har ya ɗago ya dube ni. Na yi bayani a kan muhimmancin zama a rayuwar ɗan Adam. Na taɓo tarihin kujera. Da farko ina cewa "ɗalibaina suka yi," can sai ya koma "muka yi," ban ankara ba na ji bakina yana cewa "da na zauna na yi nazari mai zurfi." Ina yi ina gyara babbar riga a kafaɗa, sitaci yana ƙara.

Hajiya Injiniya ta ƙwanƙwasa teburi da biro. "Malam, ɗaliban muke son ji."

"Ranki ya daɗe, yanzun nan. Ƙarfinsa kawai zan nuna muku. Wannan benci, ko buhun masara aka jibga masa ba zai ce uffan ba, balle yaro."

Na ji an ja mini gefen riga. Murja ce, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, ba a tura..."

Na juya na yi mata irin kallon da malamai ke yi. "Murja, in babba yana magana, me ake yi?"

Ta dubi Nazifi, Nazifi ya dubi silin.

Na zagaya, na tattare riga, na shiga tsakanin benci da teburinsa. Da na zauna a hankali ma da wataƙila abin ya zo da sauƙi. To ba a hankali na zauna ba. So nake a ga ƙarfi, saboda haka na saki jikina gaba ɗaya, tim.

Abin da na fara ji shi ne ƙara, ƙaras! Sai wurin zaman ya nutse, teburin ya taso ya same ni a ƙirji, gwiwoyina suka zo suka gaisa da haɓata. Benci ya naɗe, kamar yadda aka ƙera shi ya yi, sai dai wannan karon da malami a ciki. Hulata ta yi tsalle ta gangara har gaban dagatai. Takalmina ɗaya ya fita. Ƙafafuna suna sama suna harbin iska, hannuna na hagu ya maƙale a ciki, na dama kuwa yana waje, riƙe da makirfo, daidai bakina.

Kuma a cikin makirfon nan, da lasifika huɗu a kusurwoyin zaure, na ce, "Wayyo Inna!"

(Ina da gemu a lokacin. Ina so a san wannan.)

Sai wata yarinya daga can baya ta fashe da dariya, shi ke nan kowa ya samu hanya. Ɗalibai suna faɗuwa a kan juna, wani dagaci ya rufe fuska da hannun riga kafaɗunsa suna rawa, masu ɗaukar hoton da na sa shadda dominsu suka matso kusa.

Firinsifal ya hau dandamali da gudu ya kama hannuna yana ja, direbansa ya kama ƙafafuna shi ma yana ja, kowa ta nasa ɓangaren. Duk jan da suka yi sai bencin ya ƙara matse ni. Ina cewa, "Ranka ya daɗe, a hankali, haƙarƙarina!" duk a lasifika, don har lokacin ban tuna in saki makirfon ba.

"Kar ku ja!" Murja ce, kuma ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. "In kuna ja ƙara rufewa yake yi. Rigarsa ta shiga mahaɗin ƙarfen. Sai an kwance noti."

Aka tambayi sifana. Ba wanda ya zo da sifana. Nazifi ya fita da gudu neman masu babur a bakin titi.

Hajiya Injiniya ta cire tabarau ta goge ido, ta mayar. Ta ce, "Tunda an samu sarari, a ba yarinyar makirfo." Aka zare shi daga hannuna. Murja ta tsaya a gefena, ta yi sallama, ta fara bayaninta tiryan-tiryan, yadda ta yi bita. Ta faɗi yadda suke zama a kan buhu, da yadda bayansu ke ciwo, da yadda farin hijabi ba ya kai azahar. Ta zo kan ƙafafun almakashi ta nuna su, ga ni a tsakaninsu. Ta ce, "A ƙarƙashi akwai sakata. In an buɗe benci sai a tura ta, ita ke hana shi rufewa. In ba a tura ba..." Ta ɗan dube ni. "To, kamar dai yadda kuke gani."

Aka sake kwashewa. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tambayata ɗaya ce. Babban mutum ya manta da sakata ya shiga wannan hali. Yaro ɗan aji ɗaya fa? In ya manta, yatsunsa ko ƙirjinsa fa?"

A nan dariyar ta tsaya, ni ma na manta da haƙarƙarina. Na ga bencinan yaran nan suna tafiya saboda ni. Watanni suna aiki, Nazifi har ƙonewa ya yi a hannu, ga shi na zo da bakina da shaddata na rushe komai. Na so in ce wani abu, amma teburi yana kan ƙirjina, kuma na riga na yi maganar da ta ishi kowa.

Murja ta kalli bencin. Sai ta ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ne, ba mu yi tunanin wannan ba, don mu ba ma mantawa. Amma in aka sa wa sakatar sifirin, irin wanda ke ɗaga ƙafar babur, da an buɗe benci za ta shige da kanta. Sai dai a ja ta in za a naɗe. Kin ga ko wa ya zauna ba komai." Hajiya ta dube ta, ta rubuta wani abu, ta ce, "Ko wa ya zauna." Ba ta dube ni ba, amma na ji a jikina.

Nazifi shiru bai dawo ba, ga azahar ta matso, ga sauran makarantu suna jira. Mai gabatarwa ya yi shawara da alƙalai, sai aka kira majiya ƙarfi suka ɗauke mu, ni da benci, suka ajiye a gefen dandamali kusa da fanka. Taro ya ci gaba. 'Yan mata daga Tudun Wada suka hau suka yi bayanin bandakin da suka zana, mai famfo da wurin alwala, kuma kowa na sauraronsu da ido ɗaya, ɗayan yana kaina. Wani bawan Allah ya kawo ruwan leda ya riƙe mini a baki ina tsotsa. Har na tafa wa 'yan Tudun Wada, da hannu ɗaya, a jikin katako.

Ina cikin haka na ga takalma sun tsaya a gabana. Na ɗaga ido da ƙyar. Alaramma ne, da hulata a hannunsa.

Tarbiyya ba ta barin mutum. Na yunƙura zan durƙusa in gaishe shi, bencin ya yi ƙara.

"Zauna, zauna," in ji shi. "Ai durƙuson da ka yi ya wadatar."

"Allah gafarta Malam, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya jama'ar gida? Ya Inna?"

Na dube shi. Fuskarsa ko gezau, sai dai gemunsa yana ɗan motsi. Na ce, "Tana lafiya." Ya ce, "Madalla. A gaishe ta." Ya karkaɗe hular ya ɗora mini a ka, ya gyara mata zama, ya tsaya a wurin yana jan carbi.

Can Nazifi ya shigo da sifana da mai sifanar, don mutumin ya ce ba zai ba da aro ba sai ya ga abin da idonsa. Aka kwantar da mu a gefe ɗaya, aka kwance noti, benci ya saki. Na miƙe da sauri don in nuna ba abin da ya same ni. Saurin nan shi ne kuskurena na biyu. Bakin wandon yana maƙale a ƙarfe ban sani ba, sai ji muka yi ɓaaar, tun daga baya har gwiwa. Babbar rigar da za ta rufa mini asiri kuwa an riga an zare ta, tana hannun firinsifal, da baƙin man ƙarfe da koren fenti. (Fentin da na zaɓa.)

Alaramma ya sauke hiramin da ke kafaɗarsa ya miƙo mini. Na ɗaura a ƙugu kamar mai shirin shiga wanka, muka jera muka tafi masallaci. A sahun baya na yi salla.

Bayan salla aka faɗi sakamako. 'Yan Tudun Wada ne suka zo na ɗaya da bandakinsu, kuma sun cancanta. Mu muka zo na biyu. Hajiya Injiniya ta ce a duk samfuran da aka kawo, namu ne kaɗai aka gwada a gabansu gwaji na haƙiƙa, kuma an tabbatar da abu biyu: ba ya karyewa, ba ya kuma sakin abin da ya kama. Ta ce za a ba da tallafin yi wa ƙananan ajujuwa bencina, da sharaɗin a sa sifirin, kuma Murja da Nazifi su tsaya a kan aikin. Ta ƙara da cewa, "Su biyun." Murja ta rufe fuska da hijabi tana kuka, Nazifi yana ta tsalle da sifanar mutane a hannu.

Kafin mu iso Ƙafin Maiyaki hoton ya riga mu isa. Da yamma Balaraba ta kira ni, na ɗauka, ban ji komai ba sai numfashi da shessheƙa, na zaci kuka take yi, har na fara ba ta haƙuri. Ashe dariya ce ta hana ta magana. Ta kashe, ta sake kira, ta ce "Wayyo..." ta sake kashewa. Na kwana da tunanin an fasa. Bayan kwana biyu kawuna ya je wurin Alaramma jin ta bakinsa, ya dawo ya ce mini Alaramma ya ce ba abin da ya canza. Wai ya tabbatar yaron yana da murya, kuma duk wanda ya tuna mahaifiyarsa a lokacin tsanani ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Aka ɗaura aure bayan girbi, da wata rigar.

Washegarin gasar na tara 'yan aji biyar na ba Murja haƙuri a gabansu. Ta ce, "Ba komai Malam, ai da ba ka zauna ba da ba mu gano ba." Har yau ban san ko yabo ne ba.

Kafin zangon karatu ya ƙare bencina suka iso, kore shar, kowanne da sifirin ɗinsa, in ka buɗe sai ka ji ƙyat, sakata ta shige da kanta. Yara suka daina zuwa da buhu. Sun sa wa bencin suna Riƙe-Malam, kuma sunan ya bi shi har wasu makarantun da suka kwaikwaya.

Abin da na koya ba shi da yawa. In yaro ya ja maka riga yana son magana, ka bar shi ya ƙarasa, wataƙila haƙarƙarinka yake ji wa. Sannan duk abin da ba ni na ƙera ba, ba ni zan yi masa jawabi ba.

Na san an gyara bencin, na ga yara suna hawa suna tsalle a kai, ba abin da ya taɓa samun kowa. Duk da haka ban sake zama a kansa ba. A tsaye nake koyarwa tun daga safe har a tashi. Kwanakin baya wani mai duba makarantu ya zo ya zauna a ajina, da aka gama ya miƙe ya ce wa ɗalibai su yi koyi da himmar malaminsu, mutumin da ko sau ɗaya bai nemi wurin zama ba. Kowa a ajin ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe, ai aikin ne ya gaji haka."